Luba Ƙyanƙyami da Haɓon Sahabi

Har gobe in na ga mutum ya yi haɓo, na ji wani mai kaifin baki ya ce masa ya ɗaga kansa sama, sai zuciyata ta tashi kamar na haɗiye ƙuda. Ba jinin nake ƙyama ba. Ni Husaina mai fura, da na tsufa a tashar motar Tsafe, me ya rage ban gani ba? Na ga an sauke wanda mota ta taka, mahauta kuma a bayan rumfata suke fiɗa. Mutane nake ƙyama, da abin da suka yi wa Yaya Luba saboda hancin wani ƙato.

Luba mai tuwo ce, rumfarta na jingine da tawa, zana ɗaya ta raba mu. 'Yar Kwatarkwashi ce, a gindin dutse aka haife ta, aka kai ta aure Bungudu gidan wani manomi mai haƙuri. Da Allah ya yi masa rasuwa ta fita takaba, dangin miji suka ce ta zauna su riƙa auna mata hatsi. Ta ce ta gode, Allah ya ba ta hannu biyu. Ta ɗauko tukwanenta da muciya da ɗanta guda, Kamilu, ta zo Tsafe ta kafa murhu a tasha. Lokacin ko mafarkin jihar Zamfara ba a yi, duk 'yan Sakkwato muke.

Tuwon dawa take yi da miyar kuka, wani lokaci kuɓewa busasshiya, da man shanu ga mai so. Ba ita kaɗai ta iya tuƙi a tashar ba, kada in yi ƙarya. Abin da ya raba ta da saura tsafta. Kai, matar nan! Kwanon da aka ci abinci sai ta goge shi da toka, ta bi da sabulu, ta ɗauraye, ta kife shi a kan gadon kara rana ta buge shi. Kallabinta har kan gira take ɗaure shi don kada gashi ya faɗa miya. Ruwan wanke hannu ba a kwano ɗaya kowa ke tsoma yatsu ba, buta take miƙa maka, ka koma gefe. Wanda ya tofar da tuƙar goro kusa da murhunta kuwa, ko alhaji ne, ranar sai ya ji abin da uwarsa ba ta gaya masa ba. Ban taɓa ganin ta ci ragowar wani ba, ko ta ɗan cikinta. In Kamilu ya rage tuwo yana yaro, kaji take zuba wa.

Direbobi suka sa mata suna Luba Ƙyanƙyami. Tsokana ce, amma su ɗin dai ne ke cika mata benci. Mutum zai wuce rumfa huɗu da yunwarsa ya zo ya sha faɗan Luba, don ya san abin da zai sa a cikinsa hannu mai tsabta ya taɓa shi. Da aka yanke mana jiha a 1996, Gusau ta zama babban birni, motoci suka yi yawa a hanyar Funtuwa, har ma'aikata masu takalmi sau ciki suna tsayawa su ci tuwonta. Ba ta tara abin kirki ba. Ta dai aurar da Kamilu, ya koma Bungudu yana noma gonar ubansa. Takan ce mini, "Husaina, ni ba ni da gona, ba ni da shanu. Sunana shi ne gonata."

To, ga Sahabi. Direban fijo ne mai ɗaukar fasinja daga Tsafe zuwa Gusau, ƙato, mai wuya kamar turmi, mai fara'a, ga son a yabe shi. Kullum a wurin Luba yake cin na rana. Miya ko ta ji gishiri sai ya ce a ƙara masa, ya barbaɗa, ya ɓare dunƙulen magi ya marmasa a kai. Kullum yana kukan ciwon kai a ƙeya, kullum da ƙwayar asfirin a aljihun gaba, yana watsa ta baki kamar gyaɗa. Yana kuma da wata ɗabi'a da ke tayar wa Luba da hankali: in yana jiran mota ta cika, sai ya zaro tsinken ashana ya yi ta sakace hanci, ya duba abin da ya fito, ya goge a jikin taya. Tir.

Wata rana ciwon kan ya kai shi asibiti a Gusau, aka ɗaura masa abin awo a dantse, aka ce yana da hawan jini. Aka ba shi magani, aka ce ya riƙa sha kullum, ya rage gishiri, ya bar asfirin. Sahabi ya dawo tasha ya yi wa kalmar nan tafsiri irin nasa. Wai jini ya hau, ke nan ya yi yawa ya cika jiki har ya kai kai, kamar tukunyar da aka cika wa ruwa. Maganin tukunyar da ta cika kuwa a rage. Ya tafi wurin Bawa wanzami, wanda ke aski a ƙarƙashin dalbejiyar tasha, aka kafa masa ƙaho a ƙeya. Maganin asibiti ya ƙare a cikin akwatin mota tare da sifana.

Da bazara ta shigo, zafi ya busar da komai har leɓen mutum na tsagewa, sai Sahabi ya fara haɓo. Wani zai tsorata, shi murna ya yi. Jini na ɗiga daga hancinsa yana dariya, yana ce wa mutane, "Ku dubi ikon Allah! Wanga shi ne ƙahon Allah, ba aska ba tsaga. Mugun jinin da ya hau ne ya samu ƙofa." Bawa na gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Tun yana yi sau ɗaya a mako har ya koma kusan kullum, farar rigarsa duk ɗigo-ɗigo, ƙuda na bin sa.

Ran nan yana cikin cin tuwo sai ɗigo ya faɗo daga hancinsa a kan bencin Luba, saura kaɗan ya faɗa cikin miya. Ya sa babban yatsa ya shafe, ya ci gaba da cin abincinsa. Luba ta ajiye mara.

"Malam Sahabi, tashi ka koma can ka wanke."

"Haba Inna Luba, ɗan wanga? Ai lafiya ce ke fita."

"Lafiya ba ta fita ta hanci. Ka koma asibiti inda anka auna ka. Wallahi in ba ka bari ba, jinin nan sai ya kwantar da kai."

Aka yi dariya, wani ya ce Ƙyanƙyami ta motsa. Ina zaune ina dama fura na ji maganar da kunnena, kuma na rantse da wanda ya halicce ni, nasiha ce irin wadda uwa ke yi wa ɗa. Amma magana zarar bunu ce. Mutum goma sun ji ta, kowa ya ajiye ta a aljihu.

Ba a yi mako biyu ba abin ya faru. A bazarar 1998 ne, lokacin wahalar man fetur. Sahabi ya wuni a layin mai, rana ta dafa shi a cikin mota, ya iso bayan azahar idanunsa jajur. Ya watsa asfirin, ya ci malmala biyu, ya sha ruwa. Yana miƙewa sai jini ya ɓalle. Wannan karon ba ɗigo ba ne, zuba yake ta kafar hanci biyu, ya wanke masa gemu da gaban riga.

Nan da nan tasha ta taru, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a zuba masa ruwa a ka, wancan ya ce a jiƙa ƙasar bango ya shaƙa. Aka kwantar da shi rigingine a kan bencin kamasho, aka tura kansa baya har maƙogwaronsa ya fito. Bawa ya iso da zabirarsa. Ya kwance wani ƙulli, ya zazzago wani gari mai ruwan toka. Na ce mene ne wannan, ya ce busasshen kashin jaki ne da aka ƙona, ba shi da na biyu wurin tsayar da haɓo. Jama'a, kashin jaki! A hancin Musulmi, a inda yake sujada! Ya ɗura masa, ya yago tsumman da yake goge aska, ya murɗa ya cusa a kafa biyun.

Jini ya daina fitowa. Aka yi ta kabbara, ana cewa Bawa ya gaji aska. Ni kuwa ina tsaye ta wajen kansa, ina kallon maƙogwaron Sahabi na hawa yana sauka, ƙwat, ƙwat, kamar mai shan kunu. Ban san ma'anarsa ba a lokacin. Luba, duk ƙyanƙyaminta, ita ta kawo ruwa a buta da wani tsohon kwano, tana cewa a tayar da shi zaune kada ya shaƙe. Bawa ya daka mata tsawa, wai mace ba ta shiga aikin aska.

Har aka kira la'asar yana kwance. Fuskarsa ta yi fari, gumi mai sanyi na karyo masa. Can sai ya yunƙura, ya juya, ya kelaya amai a cikin kwanon Luba. A'uzubillahi. Baƙi ƙirin, guda-guda, gauraye da tuwo da miyar kuka, ga wani ƙarni da har yau in na tuna sai na ture abinci. A ciki akwai wani gudan jini dogo mai santsi, ya kai tsawon yatsa. Mai hankali zai kawar da kai. Bawa kuwa tsinke ya samo, ya tsamo abin nan, ya ɗaga shi sama yana lilo, ya zagaya da shi kowa ya gani.

"Kun gani? Wanga ba jinin haɓo ba ne. Jinin haɓo ja ne, kowa ya sani. Wanga daga ciki ya fito. Abin da anka ba shi ne a abinci."

Na ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfar Luba. Yari, yayan Sahabi, wanda ke sayar da taya a bakin tasha, ya ratso mutane.

"Mi ya ci yau?"

Aka ce tuwon Luba.

"Ba ita ce ta ce jini sai ya kwantar da shi ba? To ga shi kwance."

Shi ke nan. Babu wanda ya tambayi me Luba za ta samu in ta kashe mai sayen tuwonta. Babu wanda ya tuna cewa mutum talatin sun ci daga tukunyar nan a ranar, suna tsaye da ƙafafunsu, wasunsu ma da miyar a gefen baki suke salati. Luba ta juyo wajena. Ta dube ni, na dube ta. Allah ya taimaka wani direba mai sauran hankali ya ce a bar surutu, mutum zai mutu, aka cusa Sahabi a mota aka yi Gusau da shi.

Washegari Luba ta tuƙa tuwo kamar kullum. Har rana ta faɗi malmala uku aka saya, su ma baƙi ne 'yan hanya da ba su ji labari ba. Jibi ko ɗaya. Mutanen da suka shekara goma suna lashe mata kwano suka riƙa kewaye rumfar kamar akwai mushe a ciki. Suka koma wurin wata mai tuwo a ƙofar tasha, wadda ke wanke kwano ɗari a ruwa ɗaya har ya yi kauri, tana fyace majina da hannun da take kwasar tuwo. Can ne lafiya, wai. Labari kuma ya yi ta ƙiba. Kafin kwana uku gudan jinin nan ya zama ƙadangare, wasu sun ce da idonsu suka ga yana motsi. Wata mai ƙosai ta ce dama tsaftar Luba ta yi yawa, mai wanke-wanke haka akwai abin da take wankewa. Kun ji fa. Tsaftar ma ta zama shaida a kanta.

Rana ta huɗu ta ce in raka ta Gusau dubiya. Na ce, "Yaya, za su ci miki mutunci." Ta ce in ba ta je ba za a ce tsoro ne. Muka hau mota, ta riƙe 'yar ledar lemo a cinya, har muka wuce Kwatarkwashi ko dutsen garinsu ba ta kalla ba.

Muka iske Sahabi a kan gado, an jingina shi zaune, hancinsa cushe da farar auduga, ana ƙara masa jini ta hannu. Yari na ganin mu ya miƙe ya tare ƙofa, ya ce ledar nan ba za ta shiga ba. Hayaniyar ta jawo malamar asibitin da ke kula da ɗakin, wata doguwa mai tabarau, Malama Juwairiyya. Ta tambayi abin da ke faruwa. Ni da bakina ba ya shiru na kwashe komai na gaya mata, har kashin jakin.

Ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce wanda ya kwantar da shi rigingine shi ya kusa kashe shi. Ta ce in mai haɓo ya ɗaga kai, jinin ba tsayawa yake ba, hanya yake sakewa, ya bi ta maƙogwaro ya sauka ciki. Ciki kuma ba ya riƙe jini, sai ya dafa shi ya yi baƙi ya dawo da shi.

"Abin da kuka gani a kwano jininsa ne na kansa, wanda ya yi ta haɗiya yana kwance. Babu abin da aka ba shi."

Sai na tuna maƙogwaron nan mai ƙwat ƙwat.

Ta juya kan Sahabi, ba ta rage masa komai ba. Ta ce cikin hanci fata ce 'yar siririya mai ƙananan jijiyoyi, zafi da bushewa na tsaga ta, tsinke kuma na ƙarasa ta. Yawancin haɓo daga nan gaba-gaba yake, irin na yara, ba ya da wuyar tsayawa. Nasa kuwa daga can ciki ya ɓalle, ga hawan jinin da ya ƙi sha wa magani yana tunkuɗo shi, ga asfirin da ya hana jinin daskarewa. Ta ce hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin bugunsa ne a cikin jijiya, ko an tsiyaye rabin jinin mutum ciwon na nan. Kashin jaki kuwa, sai da suka wanke hancin suka yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora, wato tetanus, saboda shi.

Sannan ta nuna mana da hancinta yadda ake yi. Mutum ya zauna, ya sunkuyo gaba kaɗan, ya matse tattausan wurin hanci a ƙasan ƙashi da yatsa biyu, ya riƙa numfashi ta baki, kada ya saki yana leƙe sai an yi kamar minti goma. Abin da ya zo baki ya tofar, kada ya haɗiye. In an sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan hancin, ba laifi. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, ko mutum ya fara jiri, ko jinin na bi ta maƙogwaro, a nufo asibiti ba tare da jiran kowa ba.

Sahabi na ji, hawaye na bin kuncinsa. Da muryar mai toshasshen hanci ya ce, "Inna Luba, ki yafe mini. Ke kaɗai kinka gaya mini gaskiya." Yari kuwa ya karkace baki, ya ce a hankali yadda malama ba za ta ji ba, "Su na asibiti mi sunka sani game da irin wanga?"

Luba ta ce ta yafe. Ta ce abu ɗaya take roƙo. In ya warke, ya zo rumfarta da rana tsaka, lokacin da tasha ta cika, ya zauna ya ci tuwonta kowa na gani. Ba ta son a tara mutane, ba ta son rantsuwa da Alƙur'ani. Ya ci kawai. Sahabi ya ɗora hannu a ƙirji ya ce in Allah ya tashe shi, kafin ya taɓa sitiyari zai zo.

Ni kuwa na dawo Tsafe na zama mai shela. Duk wanda ya zo shan fura sai na maimaita masa maganar malama, har ina matse hancina ina nunawa. Su ce, "Allah Sarki, haka ne," su shanye furarsu, su wuce rumfar Luba ba ko sallama. Ita kuma ba ta fasa ba. Kullum sai ta hura wuta, ta tuƙa rabin abin da ta saba, ta zauna a gaban kwanoninta masu ƙyalli tana kore ƙuda da mafici. Da yamma ta juye wa awakin maƙwabta, don ko sadaka ta bayar ba a karɓa. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. In na ce ta huta, sai ta ce, "Bari Sahabi ya taho."

Ya kusa wata kafin ya fito. Ranar da ya zo kuwa tasha ta cika maƙil, har masu faci sun bar aikinsu. Ya sha farar riga sabuwa, ya faɗa sosai, Yari na biye da shi. Luba ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma a kan benci. Ta zuba tuwo a kwanon da ta fi so, miya ba gishiri da yawa, don ta riƙe maganar asibiti ta dafa masa tasa daban. Ta miƙa masa buta.

Ya wanke hannu. Ya yi bisimilla. Ya gutsuro tuwo, ya murza shi da yatsunsa, ya dangwalo miya, ya ɗago. Loma ta kai daidai gemunsa sai Yari ya yi gyaran murya. Sahabi ya dubi yayansa, ya dubi miyar, ya ga ba irin ta cikin babbar tukunya ba ce. Ya mayar da lomar cikin kwano. Ya yi wata 'yar dariya ta marasa kunya, ya tura kwanon gabanta.

"Inna Luba, ɗan taɓa mana tukuna. Don dai hankalin mutane ya kwanta."

Da mari ya kwaɗa mata da ya fi sauƙi. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta jawo kwanon, ta zauna a ƙasa a gaban kowa. Matar da ba ta taɓa cin ragowar ɗan cikinta ba ta ɗauki lomar nan da ƙaton ya murza da yatsunsa, ta sa a baki. Na ga maƙogwaronta ya ƙi, ta tilasta masa. Ta ci gaba da ci, a hankali, ba ta dubi kowa ba, har ta suɗe kwanon tas. Sahabi ya ce, "To ai shi ke nan, zubo mini nawa." Ta goge kwanon da toka, ta bi da sabulu, ta ɗauraye, ta kife. Ta ɗebo ruwa ta kashe wutar murhu da rana tsaka, tuwo na cikin tukunya.

Kafin magariba ta ɗaure kayanta. Washegari Kamilu ya zo ya tafi da uwarsa Bungudu.

Na je na gan ta bayan sallar layya. Tana zaune a ɗaki, surukarta ke girki, ita ko muciya ba ta taɓawa. Babbar tukunyar da ta ciyar da rabin direbobin hanyar Gusau tana bayan rumbu, a ciki ake ba tumaki ruwa. Muka yi hira, ta tambayi kowa. Da zan tafi ta rako ni zaure, ta ce, "Hancin nasa fa, ya bari?" Haushi ya kama ni, na yi mata sallama na fito.

Bai bari gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙi, don yanzu yana shan maganinsa, ya jefar da tsinken ashana. In haɓon ya zo, sai ka gan shi a kan bencin kamasho ya sunkuyo gaba, ya matse hanci da yatsa biyu, yana numfashi ta baki, daidai yadda malama ta nuna. Har koya wa mutane yake. Ɗan wani fasinja ya yi haɓo a tasha, uwar ta ɗaga masa kai, Sahabi ya taso da gudu yana faɗa, wai jinin zai koma ciki ya yi baƙi a ce sammu ne. Da kunnena na ji. Ashe duk ya gane, babu abin da ya shige masa duhu.

Ran nan ya zo ya tsaya a gaban rumfata yana sosa ƙeya, yana kallon filin da rumfar Luba take a da, inda yanzu makanikai ke zubar da baƙin mai.

"Husaina, wai ina labarin Inna Luba? Wallahi tun da ta tafi ban ƙara cin tuwon kirki ba."

Na ajiye ludayi. Na tara yawu na tofar a gaban takalminsa, daidai inda murhunta yake. Da tana nan, da ranar na sha faɗa.